Birki da Amana: Yadda Ake Gane Bakaniken Kirki a Mafara, Bakura da Maradun



 Mai yiwuwa ne wasu su yi mamakin kan maganarmu, domin an saba a irin wannan zaure a tattauna siyasa ko adabi ko makomar ilmi, sai ga shi yau an zo da zancen gareji da baƙin mai. To, amma kowane ɗayanmu a mota ya zo makaranta, a mota kuma zai koma gida idan an yi hutu. Abin da ke tsakanin fasinja da ramin gefen titi wani ɗan takalmi ne da kaurinsa bai wuce na ɗan yatsa ba. Wanda ya ɗaura wannan takalmi, da kuɗin da aka biya shi, da gaskiyar da ya faɗa ko ya ɓoye, su ne abin da za mu duba a yau.

Yadda muka zo inda muke

Talatar Mafara tana kan babban titin da ya taso daga Gusau, ya bi ta Bunguɗu da Maru, ya wuce Tureta zuwa Sakkwato. Mutanen Bakura da na Maradun duk ta wannan titi suke fita duniya, kuma ranar Talata kasuwar Mafara takan tara motocin hatsi da na dabbobi da na fasinja daga ko'ina. Aikin madatsar ruwa ta Bakolori, wanda kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya yi daga 1974 zuwa 1978, ya kawo wa yankin manyan motoci da injuna da ma'aikata, sa'an nan noman rani ya ƙara yawan kayan da ake ɗauka, kamar shinkafa da albasa da tumatir da dankali.

A waɗancan shekaru nau'in motoci kaɗan ne. A 1975 aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna, kuma bakaniken da ya naƙalci Fijo 504 ya san galibin ƙananan motocin da za su tsaya a ƙofarsa. Kayan gyara ma sanannu ne, farashinsu sananne. Daga 1986, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci da ɗan kasuwa, sai aka koma ga motocin da Turawa suka gama yayi, waɗanda ake kira tokumbo ko 'yan Beljiyam, masu shigowa ta Kwatano da Legas. Nau'in motoci ya yawaita, kayan gyara suka riƙa kwararowa daga Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna da Ladipo a Legas da Nnewi a ƙasar Ibo. Tun daga nan kowane ƙarfe ya zama iri uku: akwai sabo gangariya, akwai tokumbo wanda aka ciro daga motar da aka farfasa, akwai kuma jabu wanda aka yi wa kwali mai kyau. Cire tallafin man fetur da sakin naira a 2023 sun ƙara wa kayan tsada, kuma a duk lokacin da kaya suka yi tsada, kasuwar jabu takan buɗe.

Har ila yau akwai abin da ya ƙara wa batun nauyi a ƙasarmu. A shekarun nan da 'yan bindiga suka addabi ƙauyuka da hanyoyin Zamfara, motar da ta tsaya a daji bayan la'asar ta jefa mutanenta cikin haɗari biyu. Saboda haka gyaran da aka yi da ha'inci a gari yana iya zama sanadin abin da ya fi asarar kuɗi nesa ba kusa ba.

Yadda birki ke aiki

Ba a cutar mutum sai a kan abin da bai sani ba, don haka ya kamata mu fara da sanin birkin kansa. Idan direba ya taka birki, ƙafarsa tana tura wani ɗan famfo da kanikawa ke kira masta. Famfon nan yana matsa man birki, man kuma ya bi ta cikin bututu zuwa ƙafafun mota huɗu. Hikimar ita ce ruwa ba ya matsuwa, don haka ƙarfin da aka sa a wannan baki yana isa wancan baki, kamar yadda masanin nan na Faransa, Blaise Pascal, ya bayyana tun a ƙarni na 17. A ƙafafun gaba, man yana matse takalma biyu a jikin wani faifan ƙarfe mai juyawa tare da taya, watau diski. A ƙafafun baya na motoci da yawa kuwa, takalman suna buɗewa ne su dafe cikin wata gangar ƙarfe. Gogayyar takalmi da ƙarfe ita ke mayar da gudun mota ya zama zafi, har ta tsaya.

Daga wannan bayani za mu ciro abubuwa huɗu. Na farko, takalmi an yi shi ne don ya cinye, kamar yadda sabulu ke ƙarewa. Sabon takalmin gaba yakan zo da nama mai kaurin milimita 10 zuwa 12, kuma ana sauya shi idan ya ragu zuwa kamar milimita 3. Wannan abu ne da ido ke gani, ma'auni kuma ya tabbatar. Na biyu, ƙafafun gaba su ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayawa, domin nauyin mota kan rinjaya gaba idan an taka birki. Saboda haka takalman gaba sun fi saurin ƙarewa, kuma ba dole ba ne a sauya na baya duk lokacin da aka sauya na gaba. Amma dole ne a sauya na hagu da na dama tare, in ba haka ba mota za ta riƙa ja gefe guda. Na uku, faifan birki ya fi takalmi daɗewa, kuma masu ƙera shi sukan buga mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi a jikinsa. Muddin bai kai wannan iyaka ba, bai tsage ba, bai lanƙwashe ba, bai yi zurfin zane ba, to yana da sauran aiki. Na huɗu, man birki yana shan danshin iska. Sabon mai nau'in DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205, amma idan ya sha ruwa yana iya tafasa a wajen digiri 140. Da zarar ya tafasa sai tururi ya cika bututu, tururi kuwa yana matsuwa, sai direba ya taka ya ji ƙafarsa ta tafi ƙasa babu komai. Wannan ya sa masu ƙera motoci da yawa suke cewa a sauya man duk bayan shekara biyu.

Ga kuma wani lissafi da ɗaliban kimiyya suka sani. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Idan aka ninka gudu sau biyu, tazarar da birki ke bukata kafin mota ta tsaya takan ninku sau huɗu. Ku ɗora wannan a kan Golf ko Sharon da aka cika da fasinja da buhunan shinkafa, sa'an nan saniya ta ratso titi a ranar kasuwa.

Ƙofofin da cuta ke shigowa

Ƙofa ta farko ita ce ƙarin aiki. Mutum ya kawo mota don takalmi ya fara ƙara, sai a ce masa faifai ya mutu, masta ya mutu, dole a sauya duka. Alhali yawancin takalman zamani ana sa musu wani ɗan ƙarfe da ke fara kuka idan nama ya kusa ƙarewa, kuma wannan kuka gargaɗi ne kawai. Wani lokaci ma ƙura ce ko ɗan tsakuwa, musamman a hanyoyin ƙauye da lokacin hunturu.

Ƙofa ta biyu ita ce musanya. A karɓi kuɗin gangariya a ɗaura jabu, ko a karɓi kuɗin sabo a wanke tsoho da fetur a mayar. Takalmin jabu yana iya kama mota a cikin gari, amma idan ya ɗauki zafi a doguwar tafiya sai ya yi santsi, ko naman ya ɓalle daga ƙarfensa gaba ɗaya.

Ƙofa ta uku ita ce la'adar ɓoye. Bakanike ya aiki yaronsa shagon da suka saba, mai shago ya ɗora wani abu a kan farashi, da yamma a raba. Mai mota ya biya kuɗin aiki a fili, ya sake biya a ɓoye bai sani ba.

Ƙofa ta huɗu, wadda ta fi sauran muni, ita ce gyaran wucin gadi da ake sayarwa da sunan gyara. Bututun ƙafa ɗaya ya fashe, maimakon a sauya shi sai a toshe shi, mota ta tafi da birkin ƙafa uku. Ko man birki ya ƙare, a zuba ruwan omo ko baƙin mai. Ruwa yana tafasa a digiri 100 kuma yana sa tsatsa, baƙin mai kuwa yana kumbura robobin da ke cikin masta har su lalace. Wanda ya yi wannan ya tura mutane kan titi, ya sani, bai gaya musu ba.

Kada a ɗauka wannan hali na ƙasarmu ne kaɗai. A 1970 wani masanin tattalin arziki Ba'amurke, George Akerlof, ya yi nazari a kan kasuwar tsofaffin motoci, ya nuna cewa idan mai sayarwa ya san abin da mai saye bai sani ba, mugun kaya yakan kori na kirki daga kasuwa, domin mai saye ba zai yarda ya biya kuɗin nagari ba alhali ba ya iya bambancewa. Wannan nazari yana cikin abin da ya sa aka ba shi lambar Nobel a 2001. A 1992 kuma hukumar kare masu sayayya ta jihar Kalifoniya ta tuhumi garejojin kamfanin Sears da ɗora wa mutane gyaran da ba su bukata, bayan jami'anta sun yi ta kai motoci a ɓoye don a duba musu birki. Ya bayyana cewa kamfanin yana biyan ma'aikatansa kamasho gwargwadon kayan da suka sayar, kuma bayan tuhumar ya soke wannan tsari. Darasin a nan shi ne, yadda ake biyan mutum yana iya karkata idonsa, ko a Amurka yake ko a bakin tashar Mafara.

Abin da shari'a ta ce

Malamanmu ba su bar wannan babi a buɗe ba. A fiƙihun Malikiyya, wanda ake karantawa a zaurukan Bakura da Maradun da Mafara, sharaɗin ijara shi ne aikin ya zama sananne, ladan ma ya zama sananne tun kafin a fara. Ke nan al'adar nan ta “bari in gama mu yi magana” ita ce tushen yawancin rigingimun gareji. Haka kuma littafin Risala na Ibn Abi Zaid ya kawo hukuncin cewa mai sana'a shi ke lamunce kayan da aka bar masa ya keɓanta da su. Wanda aka ɓoye masa aibin kaya yana da haƙƙin ya mayar. Kowa kuma ya san ƙissar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa, da irin kashedin da ya yi a kan algus. Takalmin jabu a cikin kwalin gangariya jiƙaƙƙen hatsi ne aka rufe da busasshe.

Alamomin bakaniken kirki

Wake ɗaya ke ɓata gari. Yawancin kanikawanmu mutane ne da suka shafe shekaru suna koyon sana'a a hannun maigida, suna yini a rana, suna ciyar da iyali da guminsu. Tambayar ita ce yaya za a gane su.

Da farko a tambayi waɗanda mota ce abincinsu. Tsohon direban da ya yi shekaru yana jigila tsakanin Mafara da Sakkwato ya san hannun kowane bakanike a garin, domin shi ke komawa idan gyara bai yi ba. A tambayi mutum uku ko huɗu daban-daban. Sunan da ya maimaitu a bakinsu, can za a nufa. Matambayi ba ya ɓata.

Na biyu, a duba ko mutumin zaunanne ne. Wanda aka san gidansa da masallacinsa da maigidan da ya yaye shi, kuma yake cikin ƙungiyar kanikawa ta NATA, yana da sunan da yake tsoron ɓatawa, kuma akwai inda za a kai ƙararsa. Wanda ya tare mota a bakin titi yana nuna taya yana cewa hayaƙi na fita, gobe ba lalle a same shi a wurin ba.

Na uku, a lura da yadda yake karɓar mota. Bakaniken kirki yakan yi tambaya: yaushe ƙarar ta fara, tana ja gefe, birkin yana tafiya ƙasa, sitiyari yana rawa idan an taka? Sa'an nan ya gwada motar, ya kwance taya, ya kira mai ita ya nuna masa. Wanda ya yanke kuɗi tun bai sunkuya ba, da aljihun mai motar ya yi lissafi.

Na huɗu, a saurari ko yana iya cewa “wannan bai mutu ba, bar shi”, ko “wannan ba aikina ba ne, je wurin wane”. Motocin zamani suna da na'urar ABS mai hana taya ƙamewa, wadda kamfanin Marsandi ya fara sa irinta ta lantarki a motocinsa a 1978, kuma gano matsalarta yana bukatar na'urar bincike ta kwamfuta. Wanda ya san iyakar iliminsa ya fi wanda zai koyi aiki a kan motarka.

Na biyar, a gwada shi da ƙaramin aiki, kamar juyen baƙin mai, kafin a miƙa masa babba. Wanda ya riƙe amanar kaɗan ana sa ran zai riƙe ta mai yawa.

Abin da ya rataya a wuyan mai mota

Kafin a taɓa ko da ƙusa ɗaya, a yi ciniki, a raba kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban, a rubuta a takarda ko a saƙon waya. A yi sharaɗi cewa in an buɗe an ga wata sabuwar matsala, sai an kira mai mota kafin a ci gaba. A nemi a ga sabon kaya cikin kwalinsa kafin a ɗaura, a kuma karɓi tsohon da aka cire. Waɗannan ba rashin yarda ba ne. Jihar Kalifoniya ta mayar da irinsu doka tun 1971, kuma mai gaskiya ba ya jin haushinsu, don su ke wanke shi.

Idan aka ce faifai ya mutu, a nemi a auna shi a gaban ido, a kwatanta da lambar da ke jikinsa. Gani ya kori ji. Idan kuɗin ya yi yawa kuma motar tana iya tafiya lafiya, a nemi ra'ayin bakanike na biyu ba tare da an gaya masa abin da na farko ya ce ba. A yau da waya a hannu, mutum yana iya kiran shago biyu a Gusau ko Sakkwato ko Kano ya ji farashi cikin minti biyar. Amma in mai yana zuba, ko birki yana nutsewa har ƙasa, ko ana jin ƙarfe na cin ƙarfe, to ba a yawo da motar, sai a kira bakanike ya zo inda take. Bayan an gama aiki a zauna tare da shi a gwada a fili, a hankali, kafin a hau babban titi. A ajiye ɗan littafi a mota, a riƙa rubuta ranar kowane gyara da adadin kilomita, domin kada a sayar wa mutum abu ɗaya sau biyu cikin wata shida.

A nan ya zama dole mu faɗi ɗaya gefen, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da yawa daga cikin masu motoci su ke tura bakanike ga ha'inci. Mutum zai sayi gangariyar rediyo da kujeru masu laushi, amma in an zo birki sai ya ce a sa masa mai araha. Wani zai matse kuɗin aiki har ya zama bai isa abincin yaran gareji ba, sa'an nan ya yi mamaki don an nemi cikon a wurin mai shago. Wani mai motar haya kuma zai ce wa direbansa ya lallaɓa har bayan kasuwar Talata. Lallaɓawar nan ita ke sa takalmi ya ƙare ƙarfe ya cinye faifai, gyaran da zai tsaya a kan abu ɗaya ya koma uku. Araha ba ta ado, a wajen birki kuwa tana iya kisa. Manufarmu ita ce a biya kuɗin da ya dace a kan aikin da ake bukata, a kuma biya shi cikakke a kan lokaci.

Rabon ɗalibai

'Yan'uwa, akwai wata cuta da ta daɗe a jikin ɗan boko, watau raina aikin hannu. Mukan kira bakanike da “kai yaro” ko da ya haife mu, mu tsaya nesa don kada mai ya ɓata mana riga, sa'an nan mu koma muna kukan an cuce mu. Wanda ya gai da mai sana'a da “Malam” ko “Baba”, ya tsuguna kusa da shi yana tambaya cikin ladabi, zai koma gida da gyara da ilmi.

Muna ba wannan ƙungiya shawara uku. Ta farko, ɗaliban injiniya na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talatar Mafara da takwarorinsu na jami'o'i su rubuta ɗan littafi da Hausa, da boko da ajami, mai hotuna, wanda zai nuna wa direba da mai mota yadda ake duba takalmi da man birki. Ta biyu, a lokacin hutu a shirya zama tsakanin shugabannin kanikawa da na ƙungiyar direbobi ta NURTW da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, domin a amince da kafa allon kuɗin aiki a garejoji, da ba da rasit, da mayar da tsohon kaya ga mai shi. Ta uku, ɗaliban shari'a su wayar wa jama'a da kai cewa dokar kare haƙƙin masu sayayya ta 2018 ta kafa hukumar FCCPC da ake kai wa ƙorafi, ban da shugabannin sana'a da Hisba da kotunan da ke kusa da su. Galibin iyayenmu masu motoci a ƙauyuka ba su karanta abin da aka rubuta a jikin kwali, kuma mu suka tura makaranta don mu karanta musu.

Mu kuma da muke fasinja, muna da bakin magana. Idan muka ga direba yana taka birki sau uku kafin mota ta tsaya, ko yaron mota yana sauka da gudu ya sa dutse a bayan taya, haƙƙinmu ne mu yi magana tun a tasha, mu sauka in ta kama. Kuɗin mota ana mayar da shi, rai kuwa ba a sayo shi a Ƙofar Ruwa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya sa albarka a sana'ar masu gaskiya, Ya shiryi masu ha'inci, Ya kawo zaman lafiya a ƙasar Zamfara, Ya kai kowa gida lafiya.